Takarda mai ninki uku: yadda muka gyara tallar wani asibitin haihuwa a ƙauye

Ranar wata Laraba bayan la'asar Yaya ta turo mini hotuna 2 ta WhatsApp, ta biyo su da saƙon murya: "Ki duba mini wannan, jibi za a kai Kano a buga. Guda 1,000 nake so."

Yaya 'yar wan mahaifina ce. Ungozoma ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, ta buɗe ɗan ƙaramin asibitin awo da haihuwa a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, a Jihar Jigawa. Gado 4 ne, ɗakin haihuwa 1, malaman jinya 2, sai likita da ke zuwa sau ɗaya a mako. Ni kuma malamar makarantar matan aure ce. Na daɗe ina koyar da karatun boko ga matan da ba su riƙe fensir ba sai bayan sun yaye 'ya'ya uku ko huɗu, shi ya sa ta ga ni ce zan san ko takardar za ta karantu. Wanda ya tsara ta ɗan ƙanwarta ne, saurayi mai shagon kwamfuta a Ringim, shi ke yi wa mutane katin biki da kalandar sauka.

Gaskiya aikin ya yi kyau a ido. Takarda ce girman A4 da za a ninka uku, ta ba da fuska 6. A fuskar farko sunan asibitin ne da Turanci, da haruffa masu murɗe-murɗe ruwan zinare, ƙarƙashinsa hoton wata Baturiya mai tsohon ciki, cikin a buɗe, mijinta ya dafa shi. A ciki an jera ayyuka 23 da asibitin ke yi, Turanci a hagu, Hausa a dama da ƙananan haruffa. Rabin fuska guda ya tafi wajen bayanin manufar asibitin da burinsa. A baya akwai taswira, da adireshin imel, da wannan murabba'in mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya, sai lambar waya can a kusurwa. A ƙasa an rubuta: "Asibitin da ya fi kowane a yankin."

Gyaran farko

A daren na zauna na rubuta abubuwa 19 da na ga ba su yi ba, na tura wa yaron kai tsaye. Na farkonsu shi ne "hoton bai dace ba", na ƙarshe "koren ya yi duhu". Amsarsa kalma biyu ce: "To Anti." Kwana biyu shiru. Sai Yaya ta kira ni ta ce yaron ya ce a ba wani aikin, shi iyakar iyawarsa ke nan.

Abin ya dame ni, domin yaro ne mai ladabi, ba mai fushi ba. Da na sake karanta saƙona sai na ga inda matsalar take. Dukan abubuwan nan 19 ra'ayina ne kawai, kuma shi ma yana da nasa. Ya ga takardun manyan asibitocin Abuja a intanet, ya yi tasa ta yi kama da su, kuma ta yi kama ɗin. A wurinsa aiki ya cika. Ni ban nuna masa komai ba, na dai ce masa bai yi ba, sannan na haɗa babban lahani da ƙaramin son rai a jeri ɗaya, kamar duk nauyinsu guda. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai kayan ya ga inda suka karkace da idonsa.

Na roƙi Yaya ta ɗaga bugun da mako guda. Na sa aka fitar mini da guda 10 masu launi, na ninke su yadda za su kasance.

Abin da matan suka yi da ita

Bayan an tashi daga darasi na tsayar da mata 8 daga ajina, na gaya musu ba su nake jarrabawa ba, takardar nake jarrabawa. Uku daga cikinsu suna karanta boko sosai, sauran suna haɗa baƙi ne a hankali, amma dukansu sun yi makarantar allo. Tambaya uku na shirya: Wannan takardar ta mece ce? Me take so ki yi? Idan abu ya taso cikin dare, wa za ki kira? Tun da namiji ba zai shigo ajin ba, na nemi izininsu na ɗauki muryoyinsu a waya ba tare da suna ba. Na kuma yi wa kaina alƙawari ba zan yi bayanin komai ba, ko da na ga mace ta rikice.

Ta farko da na miƙa wa, tana ganin hoton sai ta kifa takardar a cinyarta, ta ja hijabi ta rufe. Ta ce, "Malama, in maigida ya ga wannan a ɗakina me zan ce masa?" Wata ta juya ta gaba da baya ta ce ai tallar man shafawa ce. Babu wadda ta ce takardar asibitin Yaya ce, alhali biyu daga cikinsu a hannunta suka haihu. Sunan Turancin da ke jikin allon ƙofar ba wanda ke faɗarsa; kowa "asibitin Hajiya ungozoma" yake cewa.

Sai karatu. Na zuba wa yatsar wadda ta fi su iyawa ido. Ta bi layi har ta zo wurin da aka so a ce "lafiyar uwa da ɗa", sai yatsar ta tsaya. Abin da ke rubuce shi ne "uwa da da". Ta karanta sau uku, ta ɗago ta dube ni. Samfurin haruffan da yaron ya zaɓa ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, duk inda ya sa su sai su fito kamar ɗan akwati, shi ne ya bi ya mayar da su b, d da k. A katin biki wannan ba ya hana kowa zuwa ɗaurin aure. A takardar asibiti kuwa "kula da mai ɓari" ta koma "kula da mai bari", kuma wanda ya saba karatu ne kaɗai ke iya cike ƙugiyar a ransa. Sabon mai karatu abin da ya gani shi yake furtawa.

Da aka zo kan "ƙayyade iyali", wata dattijuwa da ke sauraro ta turo mini tata takardar. "Wa zai ƙayyade abin da Allah ya bayar?" Ita wannan matar da bakinta ta sha yi wa surukarta faɗa a kan kwanika, tana cewa a bar yarinya ta huta. Abin da take so da abin da asibitin ke bayarwa ɗaya ne, kalmar ce ta raba su. A bakin mutanenmu sunansa tazarar haihuwa, ko hutu.

An rubuta a fara awo "kafin makonni 12". Daidai ne, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, maimakon 4 da ake cewa a da, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. To amma a nan ba wadda ke lissafin ciki da mako, da wata ake yi, kuma mai cikin fari takan ɓoye saboda kunya har sai ya fito. Murabba'in nan kuwa wata ta tambaye ni ko hatimi ne. Lambar waya mace ɗaya ce ta gano, ita ma sai da ta kai takardar bakin taga.

Abin da ya fi komai canza mini tunani ya fito ne a ƙarshe, da na ce, "In an ba ki wannan a gida, ya za ki yi da ita?" Kusan baki ɗaya suka ce za su ba wani ya karanta musu: ɗansu ɗan firamare, ko ƙanin miji, ko shi maigidan. Ashe takardar nan kunne ne zai karɓe ta, ba ido ba. Kuma mai karantawar na iya zama yaro ɗan shekara 12 a gaban uwarsa da kakarsa. Duk jimlar da ba za ta faɗu a tsakar gida ba, yaron zai tsallake ta ko uwar ta ce ya isa. Wannan ko kusa bai zo mini ba lokacin da nake rubuta gyararrakina 19.

Majalisar maza

Sauran guda 2 na ba maigidana ya tafi da su garin, ya zauna da maza a ƙofar masallaci bayan isha'i, mai unguwa yana wurin. Tambayoyinsu huɗu ne, kuma suka yi ta maimaituwa: Nawa ne kuɗin awo? Mace ce ke dubawa? Ana buɗewa da dare? In abu ya fi ƙarfinsu ina suke tura mutum? Fuska 6, ayyuka 23, babu amsar ko ɗaya.

Mai unguwa ya riƙe takardar ya ce shi abin da yake nema a jikin kowace takardar lafiya shi ne mai ita. Ya tuna musu lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba a dawo da shi ba sai a 2004, kuma ba takardu masu ƙyalli ne suka dawo da yardar mutane ba, sarakuna ne da malamai da ma'aikatan da aka san gidajen iyayensu. Maigidana ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ai ta Hajiya ce." Ya ce, "To a rubuta haka mana."

A shagon yaron

Ban sake tura saƙo ba, na je da ƙafata. Babu wuta, janareta na ruri a bakin ƙofa. Bayan mun gaisa na ce, "Ɗana, kafin komai nuna mini abin da aka ce ka yi." Ya buɗe wayarsa. Yaya ce ta turo masa ayyukan 23 da hannunta, ita ta ce a sa manufa da buri, ita ta ce a yi ta kamar ta manyan asibitoci. Rabin abin da na ɗora masa ba nasa ba ne. Na gaya masa haka, na kuma ba shi haƙuri a kan saƙon farko.

Sannan na kunna masa muryoyin. Ban ce komai ba. Da aka zo wurin matar nan mai "uwa da da", ya ce, "Anti, mayar da shi baya." Ya sake ji. Sai ya juya ya buɗe aikin da kansa a CorelDraw, manhajar zane da yake tsara takardu da ita.

Muka kasa gyaran kashi uku. Akwai abin da zai iya cutarwa ko ya hana takardar shiga gida: hoton, baƙaƙen da suka rasa ƙugiya, kalmar ƙayyadewa, lambar wayar da ba ta ganuwa. Wannan dole ne. Akwai abin da ke hana fahimta, kamar lissafin mako da taswira, wannan sai mu nemi mafita tare. Sai kuma son rai. Da na duba jerina na farko, abubuwa 7 a nan suka faɗo, har da maganar kore. Na ce masa launi da ado nasa ne, ya fi ni sani, ban ƙara sa baki ba.

Daga nan shi ya ja ragamar. Ya sauko da samfurin haruffa mai suna Andika, wanda ƙungiyar SIL mai aiki a kan harsuna ta yi musamman don masu koyon karatu, kyauta ne, yana da baƙaƙenmu masu ƙugiya, kuma harafin a ɗinsa irin wanda nake rubutawa a allo ne, ba mai rumfa a ka ba. Muka tsaya a kan girma 14, baƙi a kan fari, aka daina rubuta jimla sukutum da manyan baƙaƙe. Shi ya tuna cewa sai ya mayar da rubutun zane kafin ya kai maɗaba'a, don kada kwamfutarsu ta rasa samfurin ta sake cinye ƙugiyoyin. Ya ce kuma ba zai tura aikin a matsayin hoto ta WhatsApp ba, domin tana matse shi ya dusashe. A filashi zai kai. Ya bar rarar milimita 3 a gefuna saboda yanka, ya ɗan rage faɗin fuskar da ke ninkuwa ciki don ta kwanta. Waɗannan duk ban san su ba sai a bakinsa.

Game da hoton, na ƙara masa da cewa tun 1 ga Oktoba 2022 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Amma ba dokar ce ta gamsar da shi ba, muryar matar da ta kifa takardar ce. Hoton wata 'yar garin ma ba zai yiwu ba, ba mai yarda fuskar matarsa ta yi yawo a ɗaruruwan takardu. Sai ya zana: mace cikin hijabi a zaune, malamar asibiti tana gwada mata hawan jini.

Ja-in-ja da Yaya

Nan ne aka fi daɗewa. Na ce takardar ta yi magana ɗaya: zuwa awo da wuri, da alamomin da ba a kwana da su. Yaya ta ce, "Ke, kuɗi na kashe na sayi kayan gwajin nan, sai ki ce kar a faɗa?" Tana da gaskiyarta, asibitin da kuɗin marasa lafiya yake tafiya. Muka daidaita a kan a rubuta ayyukan 23 a babban allo a zauren jira, inda mutum ke da lokacin dubawa, takardar kuma ta ɗauki 5 da suka shafi mai ciki da jariri.

Maganar "ya fi kowane" likitan ne ya kashe ta. Ya ce ƙa'idar aikinsu a Najeriya ta hana likita tallata kansa ko fifita kansa a kan abokan aiki, ba zai yarda sunansa ya zauna kusa da wannan jimla ba. A gurbinta aka sa amsar tambayar mazan: mata ne ke duba mata, akwai ma'aikaciya dare da rana, abin da ya fi ƙarfinmu muna tura shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A ganina wannan layin na ƙarshe ya fi kowane yabon kai jawo yarda.

Kuɗin awo kuwa ta ƙi a buga, ta ce farashin magani ba ya zama wuri ɗaya, kada ta rubuta abu yau gobe a ce ta yi ƙarya. Aka bar gurbi ana cikewa da biro. Har yanzu ina ganin da an buga ko kuɗin kati ne kaɗai da ya fi, domin gurbin da ba a cike ba yana sa magidanci zargi. Amma asibitinta ne.

Gurbin biron ya jawo wani sauyi: aka bar takarda mai santsi da ƙyalli, wadda tawada ba ta kama ta, aka koma mara santsi mai ɗan kauri.

Na so a sa ajami, tunda matan da boko ke ba wuya suna karanta shi, kamar yadda suke gane wanda ke jikin naira 500 da 1,000. Wani malamin allo ya rubuta mana kanun alamomin haɗari da alƙalami da tawada, irin rubutun da suka saba gani, yaron ya ɗauke shi da na'ura ya shigar. Malamin ya ja mana kunne kada a sa aya ko sunan Allah a ko'ina, domin irin takardun nan ƙarshensu ƙunshin ƙosai ne ko ƙasa. Har "in sha Allah" da Yaya ta so a rufe da shi muka cire.

Gwaji na biyu

Na mayar da sabuwar ga wasu mata daban. Fuskar farko yanzu cewa take: "Kin yi ɓatan wata? Zo awo asibitin Hajiya ungozoma." A ciki akwatuna 8 ne da za a riƙa bugawa hatimin asibiti duk zuwa, da bayanin abin da za ta samu: maganin ƙarin jini, allurar rigakafin tetanus, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake fara bayarwa bayan ciki ya wuce wata 3. Taswira ta koma kwatance: bayan firamare, daura da tsamiya. Lokacin awo kuma, gefen ƙarfe 8 zuwa 4, aka ƙara "daga hantsi zuwa la'asar".

Zanen alamomin ne ya ba da wahala. Na ciwon kai mai tsanani, yaron ya zana mace ta ɗora hannu biyu a ka. Duk wadda ta gani sai ta ce rasuwa aka yi mata. Wata ta ce, "Mai ciwon kai ai ɗaure shi take da ɗankwali tamau, ta dafe goshi." Haka aka sake zanawa. Na kumburi, ƙafa ce kaɗai a yanke ba jiki, aka rasa gane ko mece ce, sai da aka zana macen gaba ɗaya, fuska da hannuwa a kumbure. Sauran su ne zubar jini, jijjiga, gani dishi-dishi, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, da ɗa ya daina motsi. A kan jijjiga mun yi taka-tsantsan, domin gidaje da yawa iska suke ɗaukarta, a fara neman mai ruƙiyya. Ba mu zagi kowa ba. Dattijuwar nan da ta turo mini takarda a karon farko ita ta ba mu jimlar: "A yi tofin a cikin mota."

Fuskar baya ta maigida ce ita kaɗai. "Maigida, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira gari ya waye. In za ka tafi ci-rani, ka bar izini tun kafin ka tafi." Ƙarƙashinta lambar asibitin ce da manyan lambobi, sai layi biyu a buɗe: lambar direban da za a kira da dare, da sunan wanda zai ba da jini in an buƙata.

Na sa wani yaro ɗan aji 5 ya karanta ta da ƙarfi a tsakar gidansu, uwarsa da kakarsa suna tsinke zogale. Ya kai ƙarshe bai tsaya ba, ba a kuma ce masa ya isa ba.

Guda 300 aka buga maimakon 1,000, bisa shawarar yaron nan mai shagon kwamfuta, don in wani abu ya ɓullo a gyara. Bayan wata biyu na je ranar awo. Na ga wata amarya mai cikin fari ta zaro tata daga cikin jakar katin asibiti, akwati 2 da hatimi, tana tambayar Yaya ko za a karɓi takardar a garinsu in ta tafi goyon ciki. Ba mu yi tunanin wannan ba. Yaya ta ce mata katin awon shi ne za ta nuna a can, ta juyo ta ce da ni in gaya wa yaron ya ƙara layi guda a kan haka, da ranakun rigakafin yara, domin kullum sai an tambaye ta. Na kira shi a nan take. Ya ce akwai wuri a ƙasan fuska ta huɗu, zai turo mini in kai aji kafin a buga.